Le Mans, 1953: Yadda Birkin Faifai Ya Kayar da Motocin da Suka Fi Gudu

Da ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, 13 ga Yuni, 1953, direbobi 60 suka sheƙa da gudu suka tsallaka titi zuwa inda motocinsu ke jere a Le Mans, wani gari da ke arewa maso yammacin Faransa, kowa ya faɗa cikin tasa ya tada inji, kamar yadda al'adar gasar take a wancan zamani. Dokar gasar ba ta da wuyar faɗi: mota za ta yi ta zagaya hanya mai tsawon kilomita 13 da rabi har awa 24, direbobi biyu suna karɓa-karɓa, kuma wadda ta fi kowace cin nisa kafin ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi ita ce ta lashe. Da lokacin ya cika, motar da ke kan gaba ita ce Jaguar C-Type da Tony Rolt da Duncan Hamilton suka tuƙa. Ta yi zagaye 304, wato kilomita 4,088, a matsakaicin gudun kilomita 170 cikin awa, kuma wannan ne karo na farko da aka ci gasar da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa. Wata Jaguar ɗin, ta Stirling Moss da Peter Walker, ta zo ta biyu, ta uku a cikin motocin kamfanin kuma ta zo ta huɗu.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a tsaya a duba shi shi ne cewa Jaguar ba ita ce mai ƙarfin inji ba a ranar, ba kuma ita ce mai tsananin gudu ba. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.4, ƙarfinsa wajen doki 220. Cunningham ta Amurkawa, wadda Phil Walters da John Fitch suka tuƙa, tana ɗauke da injin Chrysler mai silinda takwas, lita 5.4, wanda ya haura doki 300, kuma ita aka auna da gudun kilomita 249 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, babu wadda ta kai ta. Ferrari mai lita 4.5 da ke hannun Alberto Ascari da Luigi Villoresi ita ta yi zagaye mafi sauri a gasar baki ɗaya. Waɗannan duka da birkin ganga, wato diram, suke tsayawa, irin wanda duniya ta saba da shi, yayin da motocin Jaguar uku suka zo da birkin faifai na kamfanin Dunlop a ƙafafunsu huɗu.

Kafin a gane abin da birkin ya yi, sai an san hanyar. Wani ɓangare na da'irar Le Mans titin jama'a ne da ake rufewa saboda gasar, kuma a cikinsa akwai miƙaƙƙen zango mai kusan kilomita 6, wanda ake kira Mulsanne da sunan ƙauyen da ke ƙarshensa. A wancan lokaci babu wata lanƙwasa da aka saka don rage gudu a tsakiyarsa, sai a 1990 aka yi haka. Direba zai taka totur har ƙasa tun daga farkon zangon, ya yi sama da minti ɗaya da rabi a haka, sannan ya tarar da matsattsiyar kwana zuwa dama wadda ba ta shiguwa sai an sauko ƙasa sosai. Da fitarsa daga nan, kafin birki ya gama hucewa, ga kwanar Indianapolis, ga ta Arnage, wadda ita ma a hankali ake shiga.

A nan akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna girman aikin. Birki ba ya ɓatar da gudun mota haka kawai, yana mayar da shi zafi ne ta hanyar guga. Yawan zafin kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, zafin da za a fitar kafin a tsaya ninki huɗu yake yi. Idan muka ɗauka motar da mai da direba nauyinsu kilo 1,000 ne, kuma za ta sauko daga kilomita 240 zuwa 60 a awa, ƙarfin da za a kawar ya kai wanda zai ɗauki ruwa lita shida da rabi daga sanyinsa ya kai shi tafasa. Iska da jan inji suna ɗauke wani kaso, amma mafi yawansa cikin ƙarfen birki yake shiga, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma ƙafafun gaba ne ke shan kaso mafi girma domin nauyin mota gaba yake zubewa idan aka taka birki. Wannan kwana ɗaya ke nan. Motar da ta ci gasar ta iso wannan kwana sau 304, kusan kowane minti huɗu da daƙiƙa 45, dare da rana. Saboda haka tambayar da injiniyoyi ke fuskanta ba ta yadda za a tsayar da mota sau ɗaya ba ce, domin birkin ganga ma yana iya kulle taya ta ja ƙasa. Tambayar ita ce ina zafin zai tafi kafin a sake buƙatar birkin.

Birkin ganga, wanda bakanikenmu ke kira diram, kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da ƙafar mota. A cikinsa akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, an manna musu abin guga a bayansu, kuma idan aka taka feda wata ƙaramar silinda tana tura su waje su dafe bangon gangar ta ciki. Yana da wata baiwa da ta sa ya daɗe yana mulki: juyawar gangar kanta tana jan takalmin gaba tana ƙara cusa shi a jikinta, kamar yadda ƙofa ke ƙara matse ɗan itacen da aka cusa a ƙarƙashinta duk sa'ad da aka ƙara tura ta. Da ɗan ƙarfin ƙafa kaɗan sai a sami ci mai yawa. Wannan baiwa kuma ita ce lahaninsa. Abin guga idan ya yi zafi fiye da kima cinsa raguwa yake, kuma tunda gangar ninka cin take yi, to raguwar ma ninka ta take yi. Abin da ya ragu kaɗan a jikin takalmi sai ya zama babbar asara a taya. Ga shi zafin a rufe yake cikin kwano, iska ba ta kai wa ga wurin da ake gugar. Sannan ƙarfe idan ya yi zafi buɗewa yake, gangar sai ta ƙara faɗi ta guje wa takalman da ke bin ta, feda ta riƙa nutsewa ƙasa tana neman abin kamawa. Mafi muni, gangar dama da ta hagu ba lallai su gaji a lokaci ɗaya ba, sai mota ta riƙa fizgar sitiyari zuwa gefe guda daidai lokacin da direba ya fi buƙatar ta tsaya a miƙe.

Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos a bayan babbar mota ya san warin wannan matsala, warin takalmin birki da ya ƙone, kuma ya san dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke saka ƙaramar giya tun daga sama su bar inji ya riƙe motar. Direban tsere a Le Mans shi ma lallaɓa birkinsa yake yi: ya saki totur da wuri, ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya taka a hankali, domin ya san idan ya cinye birkin da daddare ba shi da abin tsayawa da safe. Masu Cunningham sun san da haka, shi ya sa suka saka wa motarsu manyan ganguna masu faɗin inci 17, da fika-fikan alminiyam a jikinsu don su sha iska. Sun kai birkin ganga iyakar inda zai iya zuwa, amma girman ganga nauyi ne, kuma kwanon dai a rufe yake.

Birkin faifai ya juya tsarin gaba ɗaya. Maimakon kwano, faifai ne na ƙarfe a fili, yana juyawa da ƙafa, iska tana dukansa ta fuska biyu. A bakinsa an ɗora wani ƙarfe da ya hau shi kamar sirdi, shi ne kalifa, kuma aikinsa irin na awartakin maƙeri ne: ya matse faifan daga ɓangarori biyu a lokaci ɗaya. Abin da ke taɓa faifan shi ne fad, ɗan ƙaramin allo na ƙarfe da aka manna wa abin guga, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. A kowane lokaci ƙaramin yanki ne kawai na faifan ke tsakanin fad ɗin biyu, saura duk yana waje yana zubar da zafi, kuma kowane wuri a jikinsa da ya fito daga matsi zai zagaya cikin iska kafin ya dawo. Idan faifan ya yi zafi ya kumbura, kaurinsa ne ke ƙaruwa, wato wajen fad yake matsowa, ba gudunsa yake yi ba. Idan ruwa ya taɓa shi, juyawa tana watsar da ruwan, bakin fad kuma ya share saura.

Ƙarfin da ke matse faifan ta cikin mai yake zuwa. A bayan feda akwai silindar da ake kira masta, cike da man birki, kuma daga gare ta bututu ke tafiya zuwa kowace kalifa. Ruwa ba ya matsuwa, kuma matsin da aka yi masa a wuri ɗaya yana isa ko'ina a cikin bututun daidai wa daida, ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin Faransa, ya bayyana tun ƙarni na 17. Amfanin wannan yana fitowa ne daga bambancin faɗin fiston. A ɗauki misalin ƙaramar motar gida ta yau: direba ya taka feda da nauyin kilo 30, tsawon sandar feda ya ninka shi huɗu ya zama 120, wannan ya sauka kan fiston na masta mai faɗin fuska kusan murabba'in santimita 4, sai kowane murabba'in santimita na man ya ɗauki kilo 30. A can cikin kalifa kuwa fiston mai faɗin milimita 54 fuskarsa ta kai murabba'in santimita 23, don haka yana tura fad da ƙarfin da ya kusa kilo 700, tun ma kafin a lissafa taimakon busta. Abin da aka biya a madadin haka shi ne tafiya: feda tana sauka santimita da yawa, fiston na kalifa kuwa motsinsa bai kai kaurin farce ba.

Faifai ba shi da baiwar nan ta ganga, ba ya taimakon kansa. Abin da ƙafa da mai suka ba shi, shi kaɗai yake bayarwa, don haka yana buƙatar matsi mai yawa, kuma wannan ne ya sa motocin tseren Jaguar na wannan zamani suka ɗauki famfo na musamman da ke samun juyi daga akwatin giya don ya ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, kamar yadda motocin yau ke da busta mai aiki da zuƙar iskar inji. A ganina wannan rashi shi ne babbar ribar birkin faifai, fiye ma da shan iskar da aka fi ambata. Tunda babu ninki, idan cin fad ya ragu da kashi goma cikin ɗari saboda zafi, birkin ma da kashi goma kawai zai ragu, direba ya ƙara taka kaɗan ya mayar da abin da ya rasa. Dama da hagu suna tafiya kusan tare. Mutumin da ke tunkarar kwana a gudun da mota ke cin mita 67 cikin daƙiƙa ɗaya ba birki mai tsananin ci yake nema ba. Yana neman birkin da zai yi masa a zagaye na 250 abin da ya yi masa a zagaye na 10, domin ya iya zaɓar alama ɗaya a bakin hanya ya ce nan zan taka, kuma ya gaskata.

Tunanin ba sabo ba ne a 1953. Frederick Lanchester, injiniyan Ingila, ya yi rajistar birkin faifai na mota tun 1902 a Birmingham, sai dai tagulla ce ke guga a jikin faifan, tana ƙara mai ciwon kunne tana kuma cinyewa da wuri a kan titunan ƙura na lokacin. A Amurka kamfanin Crosley ya saka wa ƙananan motocinsa birkin faifai a 1949, amma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya riƙa sa su tsatsa suna maƙalewa, aka koma ganga cikin ƙanƙanin lokaci. Inda faifai ya zauna da gindinsa shi ne jirgin sama, kuma daga can Dunlop ya kawo gwanintarsa. Amma jirgi sau ɗaya yake taka birki mai tsanani idan ya sauka, sannan ya sami lokaci mai tsawo yana hucewa, motar tsere kuwa ba ta da wannan hutu.

Aikin mayar da birkin jirgi na mota ya faɗa kan injiniyoyin Dunlop da na Jaguar a Coventry, ƙarƙashin babban injiniya William Heynes, da kuma direban gwaji Norman Dewis, wanda ya shiga kamfanin a farkon 1952. Matsala biyu suka fi ba su wahala, kuma duka biyun har yau suna nan a jikin kowace mota mai faifai. Ta farko tafasar mai. Kalifa tana zaune ne daf da wurin da ya fi ko'ina zafi, zafin yana bi ta fad ya shiga fiston ya isa ga man da ke bayansa, kuma da zarar man ya tafasa sai ya yi kumfar tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai direba ya taka feda ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Ta biyu ta fi wuyar ganewa. Idan mota ta sha kwana da ƙarfi, ƙafa tana ɗan lanƙwasawa a kan gindinta, faifai ya karkata kaɗan ya ture fad da fiston baya, sai a taka birki na gaba a tarar feda ta yi tsawo domin sai an fara cike wannan giɓi kafin a soma matsa faifai. An yi ta gwada mai iri-iri, da abin guga iri-iri, da hanyoyin riƙe fiston a inda ya kamata ya tsaya.

A 1952 Moss da Dewis suka shiga gasar Mille Miglia ta Italiya, mai tsawon mil 1,000 a kan titunan jama'a, da C-Type mai birkin faifai. Ba su kammala ba, amma ba birki ne ya fitar da su ba, kuma sun dawo da abin da suka je nema. A watan Yuni na shekarar Moss ya ci tseren motoci a Reims da ke Faransa da irin wannan birki. Le Mans ta 1952 kuwa abin kunya ce ga Jaguar: gudun Mercedes ya tsorata su, suka sauya siffar jikin motar cikin gaggawa, injuna suka yi ta zafi, motocinsu uku duka suka fita tun da wuri, Mercedes ta lashe. Da wannan tabo suka dawo a 1953.

Gasar kanta ta fara nuna inda matsalar abokan hamayya take tun a sa'o'in farko. Ferrari ta Mike Hawthorn da Giuseppe Farina ta shigo wurin gyara aka ƙara mata man birki kafin ta cika adadin zagayen da doka ta ƙayyade a yi kafin a ƙara wa mota kowane irin ruwa, alƙalai suka kore ta daga gasar. Moss ne ke jan ragama a farkon gasar, sai matsalar isar fetur ga inji ta tsayar da shi ya koma can baya, ya shafe sauran gasar yana haurowa har ya kai matsayi na biyu. Rolt da Hamilton suka karɓi gaba, Ascari da Villoresi suna biye da su cikin dare. A miƙaƙƙen zango manyan injuna suna iya matsowa ko su wuce, amma a ƙarshensa dole su saki totur tun da nisa, Jaguar kuwa ta ci gaba da gudu ta shige su, ta taka a makare, ta shiga kwana a gabansu. Ferrari ta Ascari ta yi ta fama da kuloci har ta fita kafin a tashi. Cunningham ta kammala lafiya a matsayi na uku, da zagaye 299.

Wannan tazara ta zagaye biyar ta cancanci a auna ta. Zagaye biyar kusan minti 24 ne, idan aka raba su kan zagaye 304 kuma bai kai daƙiƙa biyar a kowane zagaye ba. Ba wani abin al'ajabi aka gani a ido ba, daƙiƙa ɗaya ce a wannan kwana, rabin daƙiƙa a waccan, ana tarawa har gari ya waye rana ta yi. Daƙiƙa ɗaya tak a kowane zagaye, idan aka riƙe ta awa 24, ta fi zagaye guda cur.

Ba daidai ba ne a ɗora nasarar duka kan birki, ko da yake haka aka fi ba da labarin. Motocin 1953 an rage musu nauyi, an yi jikinsu da alminiyam mafi siranta, an saka musu tankin mai na roba irin na jirgin sama, an kuma sauya musu kafireto zuwa Weber guda uku, abin da ya ƙara wa injin ƙarfi. C-Type mai birkin ganga ta riga ta ci Le Mans a 1951 da kilomita 3,611, kuma bambancin kilomita 477 da ke tsakanin shekarun biyu ba na birki kaɗai ba ne, domin an sha ruwan sama a 1951. Shekarar da ta biyo baya ma ta ja kunnen masu saurin yanke hukunci: a 1954 Ferrari mai ƙaton inji da birkin ganga ta ci gasar, Rolt da Hamilton suka zo na biyu a sabuwar Jaguar D-Type mai faifai, da tazarar da ba ta kai zagaye ɗaya ba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne cewa ƙaramin inji da faifai ya iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da babban inji da ganga, kuma masu ganga sun san haka. Hujja mafi ƙarfi daga Mercedes ta zo a 1955, lokacin da ta kawo 300 SLR da manyan ganguna, sannan ta ƙara mata wani faffaɗan murfi a bayan direba wanda ke miƙewa tsaye ya tare iska idan an zo kwana, don kawai a rage wa gangunan aiki. D-Type ta ci Le Mans a 1955 da 1956 da 1957, kuma kafin shekarun 1950 su ƙare Ferrari ma ta koma faifai.

Daga nan abin ya sauko titi da sauri. Citroën DS ta fito a 1955 da faifai a gaba, Triumph TR3 ta bi a 1956, Jaguar XK150 ta 1957 ta samu a ƙafafu huɗu. Peugeot 504, wadda aka fitar a 1968 kuma aka yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da faifai a ƙafafu huɗu ta fara fitowa a Faransa.

Sai dai kalifar da ke ƙarƙashin yawancin motocin da muke hawa yau ba irin ta Le Mans ba ce. Ta C-Type kafaffiya ce, an ɗaure ta da ƙusa ba ta motsi, tana da fistoci a ɓangarori biyu suna fuskantar juna, kuma har yanzu irin wannan ake saka wa motocin tsere da manyan motoci masu tsada. Ta motar gida kuwa mai zamewa ce: fiston ɗaya ne, ta ciki, kuma jikin kalifar yana rataye ne a kan fil biyu masu maiƙo. Idan mai ya turo fiston ya danna fad na ciki a jikin faifai, matsin nan yana tura jikin kalifar baya, ta zame a kan fil ɗin ta janyo fad na waje ya dafe ɗaya fuskar. Fiston ɗaya ya yi aikin biyu, kuɗi ya ragu, wurin yoyo ya ragu, man kuma ya tsaya a ɓangaren da ya fi samun iska. Faifan gaba ma yanzu yawanci biyu ne a haɗe da ramuka a tsakani, yana zuƙo iska daga tsakiya yana fesar da ita ta baki yayin da yake juyawa.

Akwai wani ɗan abu a cikin kalifar zamani da ba a cika lura da shi ba, alhali shi ya warware abin da Dunlop ya yi ta nema da ƙananan ƙarafa masu janyo fiston baya. Zobe ne na roba mai kusurwa huɗu, yana zaune a cikin wani tsagi a bangon silinda, ya rungume fiston. Aikinsa na fili hana mai fita. Amma idan fiston ya matsa gaba, robar tana manne da shi tana lanƙwasawa kaɗan, idan aka saki feda kuma ta koma siffarta ta janyo fiston baya da abin da bai wuce kaurin takarda ba, daidai yadda fad zai saki faifai ba tare da ya yi nisa da shi ba. Idan fad ya ci ya rage kauri, fiston yana zamewa ta cikin zoben ya ɗan ƙara fitowa, ya kafa sabon wurin tsayawa. Shi ya sa birkin faifai ba ya buƙatar a ɗaure shi kamar yadda ake ɗaure na ganga, kuma shi ya sa man birki ke sauka a hankali a cikin ɗan tulunsa yayin da fad ke cinyewa, ko da babu yoyo ko kaɗan: man ya koma bayan fiston ne ya cike wurin da ya bari. Wanda ya ga man ya sauka ya cika shi kawai bai duba fad ba, ya share alamar da motar ke ba shi.

Tafasar mai da ta wahalar da Dewis ma ba ta tafi ko'ina ba, an dai sa mata ma'auni. Man birki mai lambar DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, na DOT 4 kuma 230, amma irin wannan mai yana shan danshin iska a hankali, kuma idan ya sha ruwa ma'aunin yana saukowa zuwa wajen 140 da 155. Wannan ne dalilin da masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk bayan shekara biyu, ko da launinsa bai nuna komai ba, kuma shi ne dalilin da galan ɗin da aka buɗe aka ajiye a gareji tun damina ba ya cikin abin da za a zuba wa mota.

Kalifa mai zamewa ta zo da nata ciwon, wanda kafaffiyar ba ta da shi, kuma a ƙasa mai ƙura da ruwan damina shi bakanike ya fi gani. Kowane fil yana da 'yar rigar roba da ke tsare maiƙonsa. Idan robar ta tsage, ƙura da ruwa suka shiga, maiƙon ya bushe ya zama kamar laka, fil ya kafe, kalifa ta daina zamewa. Daga nan fiston shi kaɗai ke aiki ta ɓangare ɗaya, ko kuma fad ya ƙi sakin faifai bayan an ɗaga ƙafa, mota ta riƙa ja gefe, wilin wannan ƙafa ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa bayan 'yar gajeruwar tafiya. Mai motar da ya leƙa ta ramin wili zai ga fad na waje da kaurinsa, ya ɗauka lafiya lau. Sai an kwance ƙafar an ɗaga kalifa an ajiye fad ɗin biyu gefe da gefe a ƙasa ake ganin na waje da sauran rabinsa, na ciki kuwa ya cinye har ƙarfe, ya riga ya fara zana layi a fuskar faifan da ba a gani daga waje.